"Situation": Kalmar Da Ke Sauya Riga Idan Ta Tsallaka Iyaka

Duk wanda ke harkar fatauci tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta, ko ya yi boko ko bai yi ba, da wuya a ce kunnensa bai taɓa cin karo da kalmar nan ta "situation" ba. Ana jin ta a bakin jami'in kwastan a Illela, ana jin ta a bakin jandarma a Birnin Ƙonni, tana cikin takardun banki a Maraɗi, tana kuma cikin labaran rediyo a duk lokacin da aka ce an rufe wata hanya ko an buɗe ta. Masu Ingilishi suna furta ta da "sichuweshan", masu Faransanci kuma su ce "sitiwasiyon", amma a rubuce abu ɗaya ce, haruffa 9 ne a nan, 9 ne a can.

To, a nan gizo ke saƙar. Da yake rubutun iri ɗaya ne, sai mu ɗauka cewa ma'anar ma ɗaya ce, alhali ko a cikin Ingilishi kaɗai kalmar tana da fuska huɗu, idan kuma ta tsallaka zuwa Nijar ko Benin ko Kamaru ko Chadi sai ta ƙara ɗaukar waɗansu kaya da ba ta da su a Kano ko Kumasi. Ga malamin makaranta wannan batu ne na aji. Ga ɗan kasuwa kuwa batu ne na aljihu, domin rashin gane wace "situation" ake nufi yana iya sa a yi wa mutum kallon mai ƙin ba da lissafi, ko ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ko ya kwana a ofishin jami'an tsaro kayansa na kan tirela suna jira. Wannan ya sa muka ga ya dace mu warware zare da abawa a kanta.

Daga ina kalmar ta fito?

Asalinta daga harshen Latin ne, inda kalmar "situs" ke nufin wurin da abu yake ajiye ko yadda yake zaune. Daga wannan tushe ne aka samu "site" da 'yan kwangila da birkiloli ke kiran filin da ake gini. Kalmar ta shiga Ingilishi tun wajejen ƙarni na 15, kuma da farko wuri kawai take nufi, wato inda gari ko gida yake. Sannu a hankali sai aka riƙa aron ta daga wurin da ƙafa ke takawa zuwa wurin da rayuwa ta ajiye mutum.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kalmarmu ta "matsayi" daga tsayuwa ta fito, wato inda mutum yake tsaye, amma yau idan muka ce wane yana da matsayi a ƙungiyar dillalai, ba wanda zai duba ƙasa yana neman inda ya ajiye ƙafa.

Fuskokinta huɗu a Ingilishi

Fuska ta farko, wadda kowa ya fi sani, ita ce hali ko yanayin da ake ciki. Idan aka ce "economic situation" ana nufin halin da tattalin arziki yake ciki, "security situation" kuma yanayin tsaro. A nan kalmar ba ta nuna kyau ko muni da kanta, kamar dai yadda za mu ce "halin da kasuwa take ciki", sai an ƙara bayani sannan a san ci gaba aka samu ko koma-baya.

Fuska ta biyu ita ce matsala, amma a lulluɓe. Idan jami'i a shingen bincike ya dubi takardu ya ce "we have a situation here", ba labarin yanayi yake bayarwa ba, cewa yake yi akwai magana. Haka nan idan kakakin 'yan sanda ya ce "the situation is under control", wato an shawo kan lamarin, mai hankali ya san cewa ba a shawo kan abin da bai taso ba. Direban da ya ji wannan jimla game da hanyar da zai bi da asuba, gara ya buga waya ga 'yan uwansa na tasha ya ji me ya faru, kafin ya tayar da mota.

Daga wannan fuska ce aka samu "situation report", rahoton da sojoji da 'yan sanda da hukumomin lafiya ke fitarwa lokaci-lokaci a kan halin da ake ciki, misali idan aka samu ɓarkewar kwalara ko zazzaɓin Lasa. Daga nan kuma aka samu "Situation Room", ɗakin da aka kafa a fadar shugaban Amurka a 1961, zamanin Shugaba Kennedy, domin bin diddigin rikice-rikice. A Nijeriya ma gamayyar ƙungiyoyin farar hula masu sa ido a kan zaɓe ta ari wannan suna.

Fuska ta uku ita ce ta asali, wato wuri. Wannan ta fi fitowa a takardun lauyoyi. Wanda ya taɓa sayen shago ko fili a Nijeriya, idan ya duba yarjejeniyar zai iya ganin "situate at" ko "situated at", sannan adireshi ya biyo baya. Ma'anarta "wanda yake a wuri kaza". Abin da ya biyo bayan waɗannan kalmomi shi ne abin da mutum ya saya a idon kotu. Idan lambar shagon da aka rubuta ba ita ce ta shagon da dillali ya nuna ba, to kuɗi sun tafi wani wuri, shago yana wani wuri.

Fuska ta huɗu ita ce aikin albashi. Wannan tsohon yayi ne na Turawan Ingila, amma dattawan da suka karanta jaridun da za su tuna shafin "Situations Vacant", inda ake tallata guraben aiki. A nan "situation" na nufin gurbin da za a ɗauki akawu ko direba ko mai gadi.

Idan ta tsallaka zuwa ƙasashen Faransanci

Dukkan waɗannan ma'anoni huɗu suna nan a Faransanci. Ta huɗun ma ta fi rai a can, domin idan aka ce wane yana da "belle situation" ana nufin yana da aiki mai tsoka, abin da mu za mu ce ya samu wuri. Sai dai akwai ƙarin ma'anoni uku da suka fi shafar ɗan kasuwa kai-tsaye.

Ta farko ita ce lissafi. A bakin akanta da ma'aikacin banki da mai babban kanti a Yamai ko Kwatano ko Garwa, "situation" takarda ce mai nuna abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, zuwa wata rana da aka ƙayyade. Akwai "situation de caisse", wato lissafin kuɗin da ke cikin akwati. Akwai "situation des stocks", wato lissafin kayan da ke sito. Akwai "situation de compte", wato yadda asusun mutum yake a banki. 'Yan kwangila ma suna da "situation de travaux", takardar da suke miƙawa a biya su gwargwadon aikin da suka kammala.

Bari mu buga misali. A ce wani mai kaya a Kwatano ya ba wani Alhaji a Maraɗi buhu 200 na kaya ya sayar masa. Bayan mako uku sai ya aiko saƙo ta waya da Faransanci cewa a aiko masa da "situation". Yaron Alhaji, wanda ya yi sakandarensa a Katsina, ya karanta ya ce: "Alhaji, halin da ake ciki yake tambaya." Alhaji ya ce: "To, gaya masa lafiya lau, an yi ruwa, kasuwa sai godiya." A wurin Alhaji an yi gaisuwa an amsa. A wurin mai kaya kuwa, ya nemi lissafin dukiyarsa an kawo masa labarin damina, kuma daga nan zargi ke farawa.

Abin da yake jira shi ne a rubuta masa kamar haka: an karɓi buhu 200, an sayar da 150 a kan sefa 30,000 kowane buhu, kuɗinsu 4,500,000, daga ciki buhu 40 bashi ne, wato 1,200,000, abin da ya shigo hannu 3,300,000, an kashe 200,000 wajen dako da sito da la'ada, saura 3,100,000 a hannu, da buhu 50 a ajiye. Wannan ita ce "situation" a yaren kasuwar can. Mai Ingilishi ba zai kira wannan takarda da wannan suna ba, "statement" ko "account" zai ce, shi ya sa wanda ya yi bokonsa a Nijeriya ko Gana yake saurin zamewa a nan.

Ta biyu ita ce matsayin mutum a gaban hukuma, kuma ita ce mafi haɗari. Idan jami'i ya ce baƙo yana "en situation irrégulière", yana nufin zamansa a ƙasar ba ya bisa ƙa'ida: ko ba shi da takardu, ko wa'adin da aka ba shi ya ƙare. Idan aka ce masa ya je ya "régulariser sa situation", umarni ne ya je ya gyara takardunsa, ba addu'a ce ta Allah Ya kyautata masa rayuwa ba. Ana faɗin haka game da mota mai tsohon inshora, da kayan da ba a biya musu kuɗin kwastan ba, da ɗan kasuwar da ake bi haraji. A waɗansu ƙasashen ma akwai takardar da ofishin haraji ke bayarwa mai suna "attestation de situation fiscale", wadda ke nuna ko mutum ya biya abin da ake bin sa, kuma akan nemi irinta wurin mai neman kwangilar gwamnati. Shi kuwa Ingilishi, a irin wannan wuri ya fi amfani da wata kalmar daban, wato "status".

Ta uku ita ce ta iyali. Wanda ya je buɗe asusu ko neman katin zama zai tarar da gurbi a fom mai cewa "situation matrimoniale" ko "situation de famille". Ba tambaya ake yi ko ana zaman lafiya a gida ba. So ake a ji ko mutum yana da aure, ko bai yi ba, ko ya rabu da matarsa, ko ta rasu. A fom ɗin Ingilishi wannan gurbi "marital status" ne. Sannan idan fom ya ce "situation géographique", an koma ma'anar asali: unguwa da layin da shago yake ake nema.

Abin da tarihi ya koya mana

Maganar matsayin baƙo ba wasa ba ce a wannan yanki namu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. Dubun dubatar mutane suka bar ƙasar, ciki har da Yarbawa da Hausawan zango waɗanda suka shekara aru-aru suna fataucin goro da shanu, wasu ma a can aka haife su. Da yawa sun karyar da kadarorinsu, wasu sun bar su ba tare da sun karɓi ko sisi ba. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, inda fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Jakar nan da har yau muke zuba kaya a ciki muna kiran ta "Ghana must go" daga wannan lamari ta samo suna. A dukkan lokutan biyu, mutanen da suka shekara suna zaune lafiya ba wanda ya tambaye su takarda, rana ɗaya aka waiwayi matsayinsu.

Yarjejeniyar ECOWAS ko CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, matuƙar yana riƙe da takardar tafiya mai inganci. Abin da da yawanmu ke mantawa shi ne kwana 90 ɗin. Wanda ya zarce haka, ya kama shago ya zauna, ana buƙatar ya nemi izinin zama. Idan bai nema ba, a takarda yana cikin "situation irrégulière" ko da kuwa limamin unguwa da sarkin kasuwa duk sun san shi. Kamaru da Chadi kuwa ba sa cikin ECOWAS, suna cikin ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, don haka abin da ya shafi shiga da zama a can yana bin dokokinsu ne da yarjejeniyoyin da ke tsakaninsu da kowace ƙasa.

Bugu da ƙari, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A wannan rana ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, a kuma bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sanar da wani sabon tsari. Duk tsarin da aka rataya a kan "har sai an sanar" yana iya sauyawa, saboda haka mai hankali ba ya barin takardunsa su mutu.

Ita ma ma'anar farko, wato halin da ake ciki, ta sha taɓa aljihunmu. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai a 1986, lamarin da ya haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci suna "El-Buhari". An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da hujjar fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 an kuma rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024. Masu albasa da tumatir da dabbobi a Illela da Jibiya da Maigatari ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ya ruɓe ko ya rame a kan hanya. A irin waɗannan lokuta sanarwar hukuma takan zo da lafazi mai sanyi, a ce ana nazarin "situation", ko a ce za a duba idan ta inganta. Ɗan kasuwa ya sani cewa wannan lafazi ba ya ɗauke da rana. Wanda ya loda ɗanyen kaya saboda ya ji an ce ana nazari, ya yi caca ne da uwar kuɗinsa.

Mu ma haka harshenmu yake

Kada mu ga laifin Bature, domin kalmarmu ta "hali", wadda muka aro daga Larabci, ita ma riguna uku gare ta. "Halin da ake ciki" yanayi ne. "Hali zanen dutse" ɗabi'a ce. "Wane mai hali ne" kuma dukiya ake nufi, shi ya sa wanda aka nemi taimako wurinsa zai ce "ba ni da hali". Baƙon da ya koyi ma'ana ɗaya kawai, idan ya ji an ce Alhaji ba shi da hali, yana iya zaton zagin sa ake yi.

Ko a wajen kuɗi haka ne. A kasuwar Ƙonni ko Damagaram jaka ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5, alhali a Kano dattawa sun san jaka da Naira 200. Ba wanda ke ruɗewa da wannan a kasuwar Illela ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis, domin kowa yakan tambaya: "Jaka ta sefa ko ta Naira?" Irin wannan tambaya ce ya kamata mu riƙa yi wa "situation".

Akwai kuma sabon dalilin kula. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kamaru dama tun tuni da harsunan biyu take aiki. Ke nan ɗan kasuwa yana iya cin karo da kalmar da kowace riga a ƙasa ɗaya.

Abin da ya kamata a kiyaye

Da farko, a dubi bakin da kalmar ta fito. Idan daga abokin ciniki ne ko akanta ko banki a ƙasar Faransanci, lissafi ake nema. Idan daga jandarma ne ko jami'in shige da fice ko na kwastan, takardu ake nufi. Idan daga rediyo ne, yanayi ne, kuma sau da yawa yanayin da ba shi da daɗi.

Na biyu, a dubi kalmar da ke maƙale da ita, domin ita ce ke fayyace ma'ana. "Caisse" akwatin kuɗi ne, "fiscale" haraji, "matrimoniale" aure, "irrégulière" kuma saɓa ƙa'ida.

Na uku, tafinta ya dace da harshen takarda. Yaron da ya iya Ingilishi ba lallai ne ya warware takardar Faransanci ba don kawai ya ga kalmomin da suka yi kama da waɗanda ya sani. A kowace babbar kasuwar iyaka akwai fatoma da shugabannin ƙungiya da masu aikin fitar da kaya daga kwastan waɗanda suka san harsunan biyu. Kuɗin shayin da za a ba su bai kai tarar da za a biya ba.

Na huɗu, kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ke bayyana "situation" ɗin mutum, musamman a ofishin jami'an tsaro, sai an karanta masa ita da Hausa ya gamsu. Ba raini ba ne mutum ya ce: "Ranka ya daɗe, a yi mini bayani, lissafi ake nufi ko takardu?" Matambayi ba ya ɓata.

Na ƙarshe, maigida ya koya wa yaransa rubuta lissafi a ƙarshen kowane mako, ko an nema ko ba a nema ba: abin da ya shigo, abin da aka sayar, bashin da ke waje, da abin da ya rage a sito. Wanda littafinsa yake a shirye, katinsa da na motarsa kuma ba su mutu ba, duk "situation" ɗin da aka tambaye shi a Ƙonni ko Kusiri ko Malanbil yana da amsarta a aljihu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.